Kwalbar da Yaya Kabiru Ya Aiko

Ranar kasuwar Ɗambatta ce, a kakar shekarar da na shiga aji biyar. Muna zaune a inuwar rumbu ni da Inna muna tsinkar gyaɗa, sai ga wani direba ya yi sallama da ƙullin kaya, ya ce saƙo ne daga Yaya Kabiru, ya biyo hannu da hannu har Kano. A ciki akwai mayafi, da takalmin Baba, da wata doguwar kwalba koriya mai hoton inabi a jikinta. Inna ba ta ko ɗago kai ba. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. "Wancan yaron" take cewa.

Ya daɗe a wani tsibiri a ƙasar Girka, yana wanke-wanke a gidan abinci a bakin teku. Ni ce mai riƙe wayar gidanmu, don haka ni nake ganin hotunansa: gidaje farare fes a kan dutse, da wata halittar ruwa mai hannaye da yawa da ake shanyawa a igiya kamar wanki. Ya ce baƙi na tahowa daga nesa don kawai su zauna su ci ɗanyen ganye da cuku, su kalli faɗuwar rana, har da tafi. A makaranta muka mai da abin wasa. Mu jera murafan kwalba a kan dakali, mu zuba ruwan zoɓo, mu tafa wa ranar da ke faɗuwa kullum a bayan gonar dawarmu kyauta. Inna kuwa sai muna surfe mu biyu take cewa, idonta a kan turmi, "Ya rame ne?"

Matsalar ita ce kofunan da ke cikin hotunan. Baba malami ne, yana koyar da yaran unguwa a zaure. Tun ranar da ya ga teburi cike da jar giya a bayan Yaya, ya daina karɓar waya. Yaya ya rantse wankewa kawai yake yi. Baba ya ce, "Mai wanke kofin ai shi ke shirya wa na gaba."

Da Baba ya dawo daga gona a ranar, ya ɗauki kwalbar ya duba hoton inabin. Bai tambayi kowa ba. Ya zagaya bayan rumbu, ya cire toshiyar, ya kifa ta. Abin da ya zubo ba ja ba ne, kuma ba ya gudu irin na ruwa. A hankali yake sauka, kore-kore, mai kauri. Ƙamshin ya iso mu kafin ya gama. Man zaitun ne, irin wanda shi kansa Baba yake saye a 'yar ƙaramar kwalba yana tofa wa marasa lafiya addu'a a ciki. Daga baya na ji cewa Yaya da hannunsa ya tsinko 'ya'yan a gonar maigidansa, tsohuwar kwalba kawai ya samu ya ɗura.

Baba ya tsaya da kwalbar a hannu. Na zaci zai ce in kira masa Yaya. Sai ya jingine ta da rumbu, ya tafi alwala. Ban yi kuka ba, ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Na koma kan gyaɗata. Da Yaya ya kira yana tambaya ko saƙo ya iso, na ce ya iso. Ya ce, "Baba ya ji daɗi?" Na ce ya buɗe da kansa.

Wurin da man ya zube ya yi baƙi har damina ta zo, ruwa ya riƙa zamewa ta kansa ba ya shiga. Baba ya rasu kafin kaka ta zagayo, ba su yi magana da Yaya ba.

Yanzu an rushe rumbun, an yi ɗakin bulo a wurin. Yaya yana can har yau, shi ke dafa abincin ma, hotunansa na shigowa ina wucewa da yatsa. Kwalbar tana ɗakin Inna a bayan kwanuka. Ta kankare hoton inabin tas, amma ba ta taɓa zuba komai a ciki ba. Na tambaye ta dalili sau ɗaya, ta ce, "Har yanzu tana ƙamshi."