Sunan da Ke Rufe Taga

Abdulmajeed ya zo Abuja bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da kowace ma'aikata ke sayen kwamfuta tun kafin a san abin da za a yi da ita. Injiniyan manhaja ne, yana haya a Kurudu, aikinsa a ofis kuwa bai wuce haɗa wa oga waya da ciro takarda daga firinta ba.

Don kada karatunsa ya bi ruwa, ya rubuta wata 'yar manhaja mai raba wa direbobi aikin Asabar. A rubuta suna, a danna maɓalli, shi ke nan. Tana aiki lafiya sai an zo kan wani direba, Ɗangoggo. Da an rubuta sunansa sai tagar manhajar ta ɓace daga allo.

"Oga, ai na gaya muku jikina ba banza yake ba," in ji Ɗangoggo. Sakatariya ta gaji, ta riƙa tsallake shi. Kowace Asabar yana gonarsa ta doya a Jikwoyi.

Abin ya tsaya wa Abdulmajeed a rai. Ya yi ta bin diddigi har ya gano laifin ba nasa ba ne. Harshen kwamfutar da ya yi rubutun da shi ba ya zana taga da kansa; akwai wata gada da ke miƙa umarninsa ga kayan zana tagogi da maɓallai. Gadar tana ware wa kowane harafi gurbi ɗaya, shi kuwa Ɗ mai lanƙwasa biyu yake ci. Waɗanda suka gina ta 'yan sa-kai ne a ƙasashen waje, ba su taɓa jin labarin Ɗ ba.

Ya gyara, ya tura musu, suka karɓa da godiya. Asabar ɗin farko ta faɗa kan Ɗangoggo.

"Injiniya, me na tsare maka?" ya tambaye shi a bakin get. "Duk abubuwan da suka lalace a ma'aikatar nan, ni ka ga dama ka gyara?"

Daga nan gaisuwa ta yanke tsakaninsu. Darakta Lydia kuwa, da aka ba ta labari, cewa ta yi ba ta san akwai matsala ba.

Masu gadar ne kaɗai suka san darajarsa. Suka damƙa masa duk wani ƙorafi da ya shafi baƙin haruffa, kyauta. Har ya yi ritaya yana gyara wa mutanen Biyetnam wasullan harshensu, wanda ko sannu bai iya cewa a cikinsa ba.