Baba Ƙafafu da Ɗigon da Bai Gani Ba

A kamfanin da ke zana allunan cikin rediyo da caja, an daɗe da mance sunan Baba Ƙafafu na gaskiya. Shekara goma sha takwas aikinsa ɗaya: ya ƙirga ƙafafun ƙananan kayan lantarki, ya zana su a kwamfuta, ya adana a rumbun da masu zanen allo ke ɗiba. Masu ƙera kayan kuwa, don neman magana, sai su fito da abu ɗaya a jiki uku: babba mai dogayen ƙafafu, matsakaici mai kwanciya bisa allo, da ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Duk ukun sai Baba ya zana musu mazauni, kowace ƙafa da lambarta. Ƙafa ɗaya ta kauce, allo dubu ya zama shara.

Bai yarda da kwamfuta ba. In ya gama zane sai ya buga shi a takarda daidai girmansa, ya ɗora kayan a kai, ya ce gani ya kori ji. Shan shayi ma sai ya kawo zancen cewa bai taɓa kuskure ba. Matarsa ta ce ko kujerar gida ba ya zama a kai sai ya leƙa ƙafafunta.

Abin da ya ɓoye shi ne idonsa ya fara gajiya. Tabarau kuwa a wurinsa takardar sallama ce, domin sabon manaja ya riga ya faɗa a taro: kuskure ɗaya, a rufe rumbun Baba, a riƙa sauko da na intanet kyauta. Maganar ta tsorata shi ƙwarai, ya rufe tsoron da cika baki.

Aka kawo wani sabon kaya mai ƙafa takwas. Ya zana babba da matsakaici lafiya. Ɗan mitsitsin kuwa, masu ƙera shi sun nuna hotonsa ne daga ƙasa, suka faɗi haka da ƙananan haruffa, Baba bai gani ba, ya zana shi kamar daga sama, lambobin ƙafafun suka juye. Ya ɗora shi a takarda, ya zauna daram. To ita takarda ina ruwanta da wace ƙafa ce ta ɗaya?

Washegari Mai Dalma, matar da ke liƙa kayan gwaji a teburin kusa da shi, ta ajiye masa tabaraunta, mai ruwan hoda da 'yan duwatsu masu ƙyalli.

“Yaya, sa wannan ka dubi ɗan ƙaramin.”

“Ni? Na mata? Ke, idon nan ya fi na shaho.”

“To shaho, ina ɗigon da ke nuna ƙafa ta ɗaya?”

Ya nuna hagu da farce. Ta turo masa tabaraun. Ya waiga ya tabbata manaja ba ya kusa, sannan ya maƙala tabaraun a hanci. Ga ɗigo nan a dama, ɓaro-ɓaro. Ya buɗe rumbun da sauri zai gyara.

Ya tarar an riga an gyara. A kusurwar shafin akwai wani ɗan layi da ya daɗe yana ɗauka ado ne, ashe sunan wanda ya taɓa zanen daga ƙarshe yake nunawa. Sunan Mai Dalma ne. Ya buɗe wani mitsitsin, ita ce. Ya yi ta komawa baya har shekara biyu, ya ƙirga zane ashirin da uku da ta gyara masa, kunya ta hana shi ci gaba.

“Ƙanwata,” ya ce, “me ya sa yau kika faɗa min?”

“Ƙarshen wata zan bar aiki, Yaya.”

Ta miƙa hannu za ta karɓi tabaraunta. Baba Ƙafafu ya dafe shi da hannu biyu.

“Wannan kuma sai dai ki sayi wani.”