Yunwar Yaya Sale a Gidan Surukai

Gaya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da yayana Sale, a shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama. Gafasa muka nufa, sadakar bakwai ta surukinsa, mahaifin matarsa Ladi. Ita ba ta samu zuwa ba don tana cikin ɗanyen jego. Ta biyo mu har zaure da koko da ƙosai, idanunta sun kumbura don kuka. Yaya ya haɗiyi ƙwayar maganinsa da ruwa, ya ɗauki ƙosai biyu, ya ture kokon gefe. Ladi ta ja ni waje ɗaya ta ce amana ta ba ni, in sa masa ido.

Ciwon sukari ke damun Yaya. Tun bara ya fara ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, har muka kai shi asibiti a Kano. Ina zaune malamin asibiti ya yi masa bayani. Ya ce ba sukarin shayi kaɗai ake nufi ba, tuwo da fura da shinkafa da rogo duk sukari suke zama in sun shiga jini, saboda haka ya rage su, ya yawaita wake da ganye. Ya kuma ja kunnensa cewa ƙwayar nan aikinta sauke sukari ne, in ya sha ta bai ci ba ya kuma yi aikin ƙarfi, sukarin zai faɗi ƙasa. In muka ga rawar jiki da gumi, maza a ba shi abu mai zaƙi. To Yaya rabin farko kawai ya ji. Mutumin da ke tashi da malmala uku ya koma kallon tuwo kamar ya ga maciji.

Wata tsohuwar a-kori-kura muka samu a tasha, cike da 'yan kasuwa da buhunan gishiri. A bakin gari ɗan sanda ya tsayar da mu yana tuna wa direba sabon hannu. Direban ya ce masa hanyar Ajingi ba ta da dama ba ta da hagu, inda babu rami nan ne hannunsa. Kowa ya yi dariya ban da ni. Hannun Yaya nake kallo.

Ajingi

Hantsi ya ɗaga muka sauka. Mota ba ta shiga Gafasa a ranar, sai muka karɓi kekuna biyu na haya wajen wani mai faci a gindin tsamiya. Kafin mu hau na tsayar da wata mai fura na ce ta dama mana. Yaya ya ce in sha ni kaɗai. Na lallashe shi, na tuna masa tafiyar da ke gabanmu da kuma gidan da za mu, ya ce ni ne ƙaraminsa ko shi ne ƙaramina? Na sha furata ni kaɗai, raina a ɓace. Da ƙyar ya karɓi 'yar gyaɗa soyayya ya zuba a aljihu.

Hanyar yashi ce zalla. Ka tuƙa kaɗan, ka sauka ka tura, ka sake hawa. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, babu inuwar kirki. Yaya mutum ne mai ƙarfi, shi ke gaba, ni ina baya ina haki ina ƙirga abin da ke cikinsa: ƙosai biyu da ƙwayar magani. Duk taka fedar da ya yi ji nake kamar daga jininsa ake ɗiba. Sau biyu na ce mu huta, ya ce so nake a shafa fatiha ba mu.

Gafasa

Mun iske an yi shimfiɗa a ƙofar gida, malamai na addu'a. Habu, ƙanen Ladi, ya tarbe mu. Bayan an shafa aka fara fito da abinci, waina da gumba da tuwon dawa miyar kuka, aka kai mana namu wani ɗaki a soro. A nan ne abin da nake tsoro tun daga Gaya ya tabbata. Yaya bai taɓa cin ko loma a gidan nan ba tun da ya auri Ladi. Kunyar surukai ce, kuma tasu mai tsanani, don Ladi 'yar fari ce. Mahaifiyarta, Inna, ba ta taɓa yarda sun haɗa ido da shi ba, ba ta kuma faɗin sunansa, sai dai ta ce Na Gaya. Ni ƙane ne, babu ruwana, na ci. Na roƙe shi ko gumba ya gutsura, babu mai ganinsa. Ya ce kwanon zai koma ciki, za a san an taɓa ɓangarensa.

Bayan azahar muka shiga yi wa Inna ta'aziyya. Tana cikin ɗaki tana takaba, an saki asabari. Muka durƙusa daga waje. Yaya ya fara gaisuwa, sai na ji yana maimaita magana ɗaya, harshensa ya yi nauyi. Na duba na ga gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na karkarwa a kan gwiwa. Ya yunƙura zai tashi, ya zube a jikin turmi.

Na yi maza na tallafe shi. Na ce a kawo sukari ko mazarƙwaila, a jiƙa a ruwa. Habu ya riƙe min hannu.

"Kai Audu, kana cikin hankalinka? Mai ciwon sukari za ka ɗura wa sukari? A gidanmu kake so ya mutu?"

Wata tsohuwa ta ce iska ce ta buge shi a hanya, wani ya ce a kira liman ya yi tofi. Na ce a yi tofin, amma a kawo abin da na ce. Gaskiya ni ma a lokacin shakka nake, ina cewa a raina in fa ban fahimci malamin asibitin ba? In sukarin hawa ya yi, ba sauka ba? Amma na san abin da ya ci, na san yashin da ya tura keke a ciki. Na rantse wa Habu in wani abu ya faru a wuyana.

Aka kawo mazarƙwaila a jiƙe cikin moɗa. Idon Yaya a buɗe yake amma bai gane ni ba. Na kai bakinsa ya datse haƙora, ya bangaje ni, rabi ya zube. Ya kama zagina, mutumin da ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Na sake gwadawa ya kau da kai, yana cewa ba ya ci a gidan nan. Hankalinsa ya tafi, kunyar tana nan. Na ga jikinsa yana ƙara saki, na tuna jaririn da muka baro a Gaya, sai hawaye.

Sai asabari ya ɗaga. Inna ta fito ba ko takalmi, ta karɓi moɗar daga hannuna, ta durƙusa ta tallafi kansa.

"Sale," ta ce. "Sale, ni ce Inna. Buɗe bakinka ka sha."

Ya dube ta, ya buɗe baki. Ta riƙa ba shi da ludayi kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Ba a jima ba karkarwar ta lafa, idonsa ya dawo daidai. Da ya gane a hannun wa yake, ya rufe fuska da hannun riga. Inna ba ta tashi ba sai da aka kawo tuwo ta gani da idonta ya ci, sannan ta koma ɗaki ta saki asabari.

A gidan maƙwabci muka kwana, don ina tsoron ƙwayar ba ta gama aikinta ba. Da safe Habu ya kawo kunu da ƙosai, Yaya ya sha ba gardama, kansa a sunkuye. Aka ɗora shi a jaki har Ajingi, ni da Habu muka tura kekunan.

Gida

La'asar sakaliya muka shiga Gaya. Na gode wa Allah da ya dawo min da ɗan'uwana da ƙafarsa, na gode wa mutanen Gafasa, Allah ya jiƙan mamacinsu. Yaya ya wuce ɗakinsa kai tsaye, ni aka bari da ba Ladi labari. Tana shayar da jariri tana saurare, har na kai inda Inna ta fito.

"Da bakinta ta faɗi sunansa?"

Na ce har sau biyu.

Ta daɗe tana kallon jaririn. Sannan ta goge ido da gefen zane ta ce, "Ya muryarta take in ta kira suna? Ni ban taɓa jin nawa a bakinta ba."