A bar gurbin Baba Istifanus a layin baya

Da safen nan aka buga min waya daga Kazaure: Baba Istifanus Ma'aji ya rasu.

Na yi kuka. Amma Allah ya sani, fushin da ke cina ya fi kukan.

Ga waɗanda ba su san shi ba: tun kafin a ba mu mulkin kai ya zo Kazaure yana ɗan akawu a baitulmali. Lokacin da arzikin mai ya buɗe, shi ne shugaban sashen kuɗi na wani babban kamfani a Kano. Sa'o'insa na tashi Landan hutu, shi kuwa duk Asabar yana kan hanyar Roni da Gwiwa, yana kwaso mu a motarsa zuwa koyon waƙa a coci.

Shi ya kafa kwayarmu, ƙungiyar mawaƙan cocin. Murya huɗu, ba ganga, ba komai. Yana tsaye a layin baya ta hagu, babbar muryarsa na riƙe da mu duka.

Ina yarinya muryata ta dishe ana gobe Kirsimeti. Da kansa ya kawo min zuma da citta har gida.

To, mutumin nan ne sababbin shugabannin kwaya suka ce ya koma ya zauna. Wai muryarsa ta tsufa, tana rawa, tana ɓata musu bidiyo. Bidiyo fa! Suka ajiye lasifika daidai inda yake tsayawa. Haba jama'a, ko kunya babu?

Baba ya bar musu wurin. Duk Lahadi sai ya zauna a bencin ƙarshe, yana rera nasa ɓangaren ƙasa-ƙasa, shi kaɗai.

Da na je gaishe shi bayan girbi, na kasa haƙuri, na ce, "Baba, wulaƙanci ne wannan."

Ya yi dariya. "Rifkatu, bar su. Ba a koya musu sauraron juna ba ne." Can ya kama hannuna ya ce, "In na tafi, kada a kunna min na'ura. Da baki nake so ku raka ni."

Yanzu ga su nan sun cika gari da hotonsa, wai "ubanmu", wai za su kawo kibod na kiɗa da janareta wurin jana'iza. Uban wa? Yana raye kuka hana shi tsayuwa, sai yau da ba zai iya cewa a'a ba?

Ban yarda ba. Na gaya wa 'ya'yansa abin da ya ce, sun kuma amince.

Don haka tsofaffin 'yan kwaya na Babura, Roni, Gwiwa, Achilafiya, duk wanda Baba ya taɓa koya wa inda ake jan numfashi, ku zo jana'izar ranar Asabar. Ko muryarka ta tsufa, ka zo. Masu rawar murya ma su muka fi so. Za mu jeru yadda ya saba jera mu, mu bar layin baya ta hagu ba kowa.

Ubangiji ya karɓi bawansa, ya ba shi hutawa, ya sa shi cikin mawaƙan da ba a ce wa kowa ya zauna. Ya kuma sanyaya min zuciya, don ni dai ban huce ba.

Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Baba a addu'a.