Barira mai fotokopi da ƙosan Alhaji Modu

Ƙarfe bakwai na safe Yaya Barira take buɗe butik ɗinta na fotokopi. Ta goge gilashin injin da gefen mayafi, ta zauna jiran kuran, wato wutar lantarki, da masu takardu, wanda ya riga zuwa. Shekara goma sha tara ke nan. Ƙarshen watan nan za ta rufe, idanu sun gaji. Sunanta da sauran sunayen nan duk na sauya su, kun san dalili.

Ga wanda ya tsinci bugun nan bai san mu ba: Zaurenmu mujalla ce ƙarama ta waɗanda aka raɗa wa sunan mata, amma su sun san kansu maza ne. Su ke rubuta ta, ana miƙa ta hannu da hannu daga Damagaram har Zermu da Guna. Butik uku suka ƙi buga ta. Barira ta karanta shafin farko a tsaye, ta ce, "Gaba da baya kuke so?" Ni nawa gyaran rubutu ne, tsohon mushen lekol, wato malamin makaranta, da ba a bari ya gyara komai a gidansa.

Ƙa'idarta ɗaya: duk shafin mujallar da inji ya ɓata, a bokitin ruwa yake kwana har ya narke. Wata Talata inji ya ɓata shafi na biyar sau tara. Shafin Khalid ne, da hotonsa cikin hula da jamfa. Khalid na zaune gidan baffansa Alhaji Modu a unguwar Birni, inda yake sa hijabi, ana kiransa da wani suna. In hoton ya shiga gidan, mafi sauƙin abin da zai same shi kora ce.

Barira ta ajiye shafukan ta tafi salla. Ni kuma, mai ƙin almubazzaranci, na haɗa su da tsoffin takardu na kai wa Fatsuma mai ƙosai ta riƙa naɗi. Washegari da safe na ba da labari ina jiran yabo.

"Mushe, a bakin wane layi Fatsuma take suya?"

Sai da na faɗi sunan layin na tuna layin gidan Alhaji Modu ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki farar takarda sabuwa, ta tsayar da kabu-kabu, na bi ta a wani.

Ta dire wa Fatsuma sabuwar, ta kwashe tsoffin. Ta duba, takwas. Na taran yana hannun Alhaji Modu, yana tsaye da maƙwabta yana ci. Mai ya jiƙa takardar, daga inda nake ina hango hular ta bayanta. Ƙosai biyu suka rage a kan fuskar. A ƙofar gida kuwa ga Khalid cikin hijabi, riƙe da kwano, ya kasa motsi.

Barira Bafillatana ce, Alhaji Babarbare, akwai wasa tsakaninsu tun kakanni. Ta nufe shi kai tsaye.

"Modu bawana, tun yaushe kake karya kumallo uwargijiyarka na tsaye?" Ta fizge ƙunshin daga hannunsa.

Maƙwabta suka yi dariya. Alhaji ya ce, "Kun ga yunwar ruga ta shigo Birni. Ci, sadaka ce. Ba ni takardar in goge hannu."

Ta cusa ƙosan biyu a baki, ta goge leɓe da takardar, ta dunƙule ta a tafinta, ta miƙa masa wata fara ƙal. "Ga sabuwa, ka koyi kyauta."

Ya karɓa, amma idonsa na kan hannunta. "Kamar hoton mutum na gani a jiki."

"Ɗan takara ne, ya faɗi zaɓe."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya goge yatsunsa ya koma hira.

Da muka dawo butik, ta miƙo mini makulli, ni na buɗe. Abin da ta ce mini duka-duka: "Mushe, kai dai ka tsaya kan aya da waƙafi." Na tsaya har yau.

Yaya Barira, ke ce ba ki taɓa tambayar ɗayansu sunansa na gida ba. Ke ce kike kiran kowa da sunan da ya faɗa miki, ko da ke da shi kaɗai ne. Ba ki taɓa cewa kin fahimci komai ba, cewa kike 'ya'yan mutane ne kuma an ba ki amana. Mun gode, mai rufa asiri. Allah ya ƙara wa idanun nan lafiya.

Ku kuma masu injuna, teloli, masu ɗaukar hoto, da duk wanda sirrin wani ke bi ta hannunsa, ku yi koyi da ita. Har yanzu ba mu sami wanda zai buga na gaba ba.

Na tambayi Khalid abin da zan rubuta da sunansa. Ya ce, "Ka ce wa Inna Barira har yau ina gida. Ranar da zan faɗa wa mutanen gidan, ni zan zaɓa."