Yadda Aka Raba Baba Ladan da Kiran Salla

Wata ranar kasuwar Makarfi ce, bayan la'asar, na fara ganinsu. Na biyo ta bayan rumfunan da ake dafa mazarƙwaila ina neman mai ƙwaya, sai na hangi wasu mutane sun yi da'ira a gindin tsamiya suna ta ƙyaƙyata dariya. Na san fuskokinsu, don mashaya ne da aka sani tun daga Kudan har Ikara. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙwaryar da ke tsakiyarsu. Na matsa na leƙa, na ga ruwa ne zalla, ruwan rijiya. Na ce a raina, ikon Allah, yau ga kuraye sun kewaye ciyawa.

A lokacin, Edita, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ni kuwa saurayi ne ɗan Kudan, na gama firamare ina ganin duniya ta yi mini kaɗan. Aikina zuba rake a injin da doki ke juyawa, amma zuciyata tana cikin 'yan littattafan nan da ake shimfiɗawa a tabarma ranar kasuwa, inda saurayi ke magana ɗaya budurwa ta sunkuyar da kai hawaye na zuba kamar lu'ulu'u. Ni in na je zance harshena sarƙewa yake yi. Wani direba ne ya ba ni ƙwaya, ya ce ita ce maganin gajiya da nauyin baki. Bakin kuwa ya buɗe, har ya ƙi rufuwa. Na yi ta zuba wa yarinyar da nake so kalaman littafi, leɓena a bushe, har ranar da ta ce in je in yi barci tukuna, ita ba ta auren rediyo. Na rasa ta, na rasa barci, na rame kamar karan dawa, amma ban rabu da ƙwaya ba.

Wanda ya kira ni daga cikin da'irar nan wani dattijo ne mai furfura, ladanin wani ƙaramin masallaci a bakin kasuwa, kowa Baba Ladan yake ce masa. Ya ce da ni ɗan boko, in mai ƙwaya nake nema ya riga ya naɗe tabarmarsa, in kuwa kaina nake nema to ga wuri in zauna. Wani mahauci ɗan Ikara ya matsa mini, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ko akuyar da ta yi jinya ta fi ni nama. Aka yi dariya, na zauna don kunyar tafiya. Na zaci wa'azi za a yi mini. Sai na ji kowa labarin kansa yake bayarwa. Dokar wurin ita ce ba mai cewa kai ka yi kaza, sai dai ni na yi kaza. Wanda sha'awar komawa shaye-shaye ta taso masa tsakanin kasuwa da kasuwa, yana da wanda zai je wurinsa su zauna har ya lafa. Ni mahaucin nan aka haɗa ni da shi. Kwanakin da na daina, duniya ta yi mini baƙi ƙirin, ina kuka ba dalili, shi ne ya riƙa hawo keke yana zuwa Kudan da ɗan balangu a takarda, ya zauna yana zagina cikin raha har in ci.

Baba Ladan ne ya kafa zaman, tun kafin a haife ni, shi da wani abokinsa da ya riga mu gidan gaskiya. Su biyu suka fara riƙe juna, sannan aka yi ta ƙaruwa. Da aka samu mutanen Gubuchi da Paki, waɗanda ruwa ke tare wa hanya da damina, sai wani daga cikinsu mai karatun allo ya soma rubuta labaran da ajami, a naɗe a fata a ba masu jakunan rake su kai musu, don su karanta su san ba su kaɗai ba ne. Mai ajamin nan yana da tsarinsa. Ba ya sa suna, ba ya sa gari, kuma kowane labari kashi biyu yake yi masa, yadda mutum ya faɗi da yadda ya tashi. Takardun suka yi ta yawo hannu zuwa hannu har suka yi laushi kamar tsumma, wani ya kwafa, wani ya ƙara nasa. Da na samu sauƙi, Baba ya ce tunda samarin yanzu boko suka fi ganewa, in mayar da su boko. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba.

A nan ne son kalma mai daɗi ya cuce ni. Kowa ya san al'adar gidan giya, mai goge yakan yi wa kowane babban mashayi kirari, kuma kirarin nan ya fi sunan yanka bin mutum. Na taɓa jin Baba ya faɗi nasa a gindin tsamiya yana girgiza kai. Wai fadamar Gubuchi ake ce masa, wadda ta sha ruwan sama ta sha na ƙasa, ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba. Mai ajami ya bar wannan a waje da gangan. Ni kuwa da na zo kan labarin Baba, sai na ga ya yi fayau, ba gishiri, ba kamar na littattafan da na saba ba. Na ce jarumi ba kirari ai ba jarumi ba ne. Na saka kirarin a ciki, ina ganin tunda ban sa suna ba na cika doka.

Akwai wani mai littattafai da ke zuwa daga birni da akwatinsa kowace kasuwa, wanda na daɗe ina saye a wurinsa. Na nuna masa aikina don ya yaba. Ya karanta, ya dube ni, ya kira ni marubuci, kalmar da ban taɓa jin an kira ni da ita ba. Ya ce yana da mai injin ɗab'i, zai buga shi ya kai har inda jakunan rake ba sa zuwa. Nan da nan na kai wa Baba maganar. Ya ce in dai yadda yake a ajami za a buga, ba ƙari ba ragi, to a buga, wataƙila wani bawan Allah a can nesa ya samu mafita. Na ce haka yake. Ban ambaci kirarin ba. Wannan nawa laifin ne, na ɗauka, kuma na daɗe ina neman gafara a kansa. Amma abin da mai littattafan nan ya yi, da abin da mutanen gari suka ɗora a kai, har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi zafi.

Littafin ya fito bayan kaka. Na karɓa, na buɗe, na ga rabinsa babu. Duk inda mutum ya tashi an yanke, an bar inda ya faɗi. An bar mahauci yana kwana a kwata, an cire shi yana tuƙa keke zuwa jinyar wani. An bar Baba yana sayar da garmar ubansa don ya sha, an cire shekarun da ya yi yana tsamo mutane. A bango kuwa an zana wani mai rawani kwance cikin taɓo, hannu ɗaya riƙe da ƙwarya, ɗaya a kunne kamar mai kiran salla, ga kirarin nan a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ashe mai littattafan ya karanta ƙarshen labarin sarai, ya ga mutumin ya zama ladan, bai ɗauki komai a ciki ba sai abin da zai sa a yi dariya. Na same shi a tabarmarsa na ce ya ci amana. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ƙanena, wa zai sayi labarin mutum yana shan ruwan rijiya? Ya ce tuba ba ta da kasuwa, in ina son wa'azi ga masallaci can, in matsa ina tare masa masu saye.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa, ba rumfar da ba a karanta shi da ƙarfi ba. Mahauta na yi wa ɗan'uwansu ihu, suna tambaya ko a shimfiɗa masa tabarma a kwata. Baba in ya miƙe zai kira azahar, sai ka ji wani daga rumfar masu barkono ya ce fadama za ta yi ambaliya, a kwashe kaya. Sai dattawan masallacin suka zauna, suka ce wanda Allah ya rufa wa asiri ya tona da bakinsa bai dace ya kira mutane salla ba. Suka ba wani ladancin. Edita, ina so masu karatu su tsaya a nan su duba. Wane asiri? Duk wanda ya yi furfura a garin nan ya san tarihin Baba. Cikin masu yanke hukuncin akwai wanda suka sha a ƙwarya ɗaya da shi a zamanin ƙuruciya, akwai wanda mai ƙwaya a inuwar shagonsa yake shimfiɗa tabarma, bai taɓa ce masa tashi ba. Shekara da shekaru suna amsa kiran Baba, sallarsu ba ta ɓaci ba, sai ranar da suka ga abin a takarda. Mai littattafai ya ci gaba da zuwa kasuwa ana gaishe shi da Alhaji, mai ƙwaya ya ci gaba da cinikinsa, wanda ya daina sha shi kaɗai aka hukunta.

Na je wurin Baba na durƙusa na faɗa masa ni na sa kirarin. Ya ce ɗana, shi ya yi shekaru yana binne kirarin nan, ni na tono shi don na ga yana walƙiya. Bai ƙara ba, sai ya ce kada in kuskura wannan ya zama mini dalilin komawa ga ƙwaya, in zo ranar kasuwa kamar kullum. Na zo, amma gindin tsamiya ya zama wurin kallo, mutane na tsayawa daga nesa suna nuna wane ne na shafi kaza. Mutanen Gubuchi suka aiko a mayar musu da takardun ajaminsu, wasu suka ƙone nasu don tsoro. Mahaucin da ya yi jinyata ya kasa jure ihun, ya koma gidan giya, sai da muka sha wuya kafin muka janyo shi, kuma bai sake yin raha irin ta da ba. Baba ya ga zamansa na jawo wa sauran ido, ya tattara ya koma Paki wurin ƙanensa. Mu 'yan kaɗan da muka rage muka koma haɗuwa a zauren wani a Kudan, ba takarda, ba alƙalami, sai da aka yi shekaru kafin wani ya sake yarda a rubuta labarinsa.

Abin da na koya shi ne labarin da mutum ya ba ka don ka warke amana ce, ba kayan ado ba ne. Ina jan kunnen samari masu son a kira su marubuta, kamar yadda na so, cewa share suna ba shi ne rufa asiri ba. A ƙasarmu ana gane mutum ta kirarinsa, ta gonarsa, ta yadda yake tari. Kada kuma ku miƙa wa ɗan kasuwa abin da ba ku shirya ganin an yanka shi biyu ba. Ku kuma masu dariya, ku sani duk lokacin da kuka yi wa wanda ya tuba ihu, akwai wani a gefe da ke shirin dainawa, yana kallonku yana fasawa. Alhakinsa yana wuyanku.

Baba bai sake sha ba har ya bar duniya. Bayan shekaru masu yawa, da littafin ya ɓace, ladanin da aka sa ya yi ƙaura, 'ya'yan dattawan nan suka tuna da shi, suka aika Paki a ce ya yi haƙuri ya dawo. Ni aka roƙa in raka ɗan aiken. Muka same shi a zaure ya tsufa tukuf, haƙora sun zube, ga wani magidanci zaune kusa da shi idanu jajur, ya kusa manna kunnensa a bakin Baba don ya ji abin da yake faɗa. Ɗan aiken ya isar da saƙo. Baba ya ce a gaishe su, a ce ya gode, amma sun makara. Ya ce muryar da ke kaiwa ƙarshen kasuwa ta tafi, wadda ta rage ba ta wuce mutum ɗaya, kuma ga mai ita nan zaune. Ya juya ga magidancin ya ce ya ci gaba, ina suka tsaya.