Shayin Sudan

Baba ya yi hajjinsa ta ƙasa tun ina ƙarami, rabi a ƙafa rabi a lori. Da ya dawo bai dame mu da labarin wahala ba, labarin jirgin ƙasan Sudan ya kawo mana, wanda ya ɗauke su daga tsakiyar ƙasar har bakin teku. Kullum bayan la'asar a dakalin gidanmu na Wulari sai ya maimaita: akwai famfon alwala a ciki, mutum ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa, kuma a cika maka kofin shayi fal, jirgi na gudu, ko ɗigo ba zai zuba ba.

Maganar shayin nan ita ta jawo masa. Mu a Maiduguri lori muka sani, mai bodin katako, wadda in ta sauke ka sai an gasa maka baya da ruwan zafi. Wa zai yarda? Maƙwabcinmu, wani Babarbare mai fataucin bandar kifi, shi ne kan gaba wajen tsiya. Baba Bafillace ne, an kuwa san wasan da ke tsakani. Duk wanda ya shara ƙarya a unguwa, sai maƙwabci ya ce shayin Sudan ke nan. Baba yakan yi dariya, amma na san abin na ci masa rai, don mutum ne mai magana ɗaya. Ni da zuciyata kuwa, gaisuwa ma da ƙyar nake yi wa mutumin.

Ana nan har layin dogo ya iso garinmu. Lokacin na yi aure, Baba kuma yanar ido ta rufe masa gani, sai da ɗan jagora. Aka ce a kai shi Kano wajen likita, na ja masa sanda. Muna isa tasha sai ga maƙwabci za shi Jos, an loda masa bandarsa a taragon kaya, ya sha sabuwar farar babbar riga. Ya zauna daidai gabanmu, ya ce yau za a yi ta ta ƙare.

Gaskiya jirgin nan ya burge ni, har yau ban hau abin da ya kai shi daɗi ba. Kujera mai laushi, fanka na juyawa a sama, taga ka ɗaga da kanka iska ta shigo. Wata tsohuwa ta shimfiɗa ɗankwali ta yi sallarta a tsanake. Baba ya bi komai da tafin hannu. Ya ce kujerarmu ta fi ta Sudan, don shi a kan katako ya zauna, amma tagoginsu sun fi iya tare yashi. Na kai shi famfo ya yi alwala, ya dawo gemu na ɗiga, fuskar nan kamar an yi masa bushara. Saura shayi.

Mai hidima ya kawo, Baba ya ce a ƙara, a cika shi har baki. Aka ajiye a ɗan teburin jikin taga. Muka zuba wa kofi ido, ni da maƙwabci. An yi tafiya mai nisa shayi na rawa kawai, har na fara hura hanci. Sai jirgi ya hau wata gada, ya yi girgiza ɗaya, shayi ya malalo ya kwanta a tebur. Na kasa kallon kowa.

Baba ya juyo da fuska inda yake jin numfashin abokinsa. "To, Babarbare, kai ne mai ido. Ya zube?"

Mutumin ya dubi tebur, ya dubi Baba. A hankali ya ɗora hannun farar rigarsa a kan shayin har ta shanye shi.

"Ko ɗigo, Alhaji. Sha kayanka kada ya huce."

Baba ya laluba ya ɗauki kofin. Ya kurɓa, ya ce sikari ya yi kaɗan, na Sudan ya fi.

Idon bai warke ba. Amma daga dawowarmu ba a sake jin shayin Sudan a bakin kowa a unguwa ba. Tabon kuma wanki bai taɓa fitar da shi daga rigar ba. Da ita na ga maƙwabci a sahun gaba ranar jana'izar Baba.